Laifi Tudu Ne: Rikicin Bankunan Amurka da Zaɓen Shugaban Ƙasa na 2008

Ranar Litinin 15 ga Satumba 2008, tun kafin gari ya waye a birnin Niyok, bankin Lehman Brothers ya miƙa wa kotu takardar karyewa. Banki ne mai shekara 158 da kafuwa, wanda ya tsallake yaƙin basasar Amurka, da yaƙin duniya na farko da na biyu, da babbar karayar arziki ta shekarun 1930, kuma dukiyar da ke rubuce cikin littattafansa ta kai dala biliyan 639. Ba a taɓa samun kamfanin da ya karye da dukiya mai yawan wannan ba a tarihin ƙasar. A lokacin, saura kwana hamsin cif a yi zaɓen shugaban ƙasa. Da safiyar nan Sanata John McCain, ɗan takarar jam'iyyar Rifabulikan, ya tsaya gaban magoya bayansa a garin Jacksonville na jihar Florida, ya ce duk da hargitsin da ake gani a kasuwannin kuɗi, tushen arzikin Amurka yana nan da ƙarfinsa. Kafin faɗuwar rana abokin karawarsa, Sanata Barack Obama na jam'iyyar Dimokurat, ya cafe maganar, bai kuwa sake ta ba har ranar jefa ƙuri'a.

Daga wannan rana yaƙin neman zaɓen ya tattare kan tambaya guda, watau wa ya jawo wannan masifa. 'Yan Dimokurat suka ce sassauta dokokin banki ne, kuma aƙidar Rifabulikan ce. 'Yan Rifabulikan suka ce a'a, katsalandan ɗin gwamnati ne cikin harkar rancen gida, kuma 'yan Dimokurat ne suka ɗaure masa gindi. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, amsoshin nan biyu duk an ɗinka su ne daidai wuyan zaɓe. Kwance wa bankuna takunkumi aiki ne da shugabannin jam'iyyun biyu suka yi tare cikin shekara kusan talatin, kuma da aka zo ga ƙuri'ar da ta fi kowace nauyi a wannan kaka, ɓarakar da ta bayyana ba tsakanin jam'iyya da jam'iyya take ba.

Takunkumin 1933 da yadda aka kwance shi

Ba a fahimtar gardamar sai an koma baya shekara 75. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kimanin 9,000 suka rufe a Amurka, ajiyar jama'a ta bi ruwa. Wannan bala'i yana kan gaba cikin abubuwan da suka kayar da Shugaba Herbert Hoover a zaɓen 1932, inda Franklin Roosevelt ya ci jihohi 42 daga cikin 48. A watan Yuni na 1933 aka yi dokar banki wadda aka fi sani da sunan mutum biyu da suka kawo ta, Sanata Carter Glass da ɗan majalisar wakilai Henry Steagall. Dokar ta raba bankuna gida biyu. Akwai bankin ajiya, mai karɓar kuɗin jama'a yana ba da rance. Gwamnati ta tsaya wa masu ajiyarsa da inshora, amma a madadin haka ta hana shi dillancin hannayen jari, ta kuma ƙayyade kuɗin ruwan da zai riƙa biya a kan ajiya. Sa'an nan akwai bankin dillancin jari, wanda aka bar shi ya yi kasadarsa, bisa sharaɗin ba zai taɓa ajiyar talaka ba, in kuwa ya faɗi to ya faɗi shi kaɗai. Hikimar ba ta da wuyar ganewa, wanda gwamnati ta tsaya masa ba a barinsa ya shiga caca da kuɗin mutane. An yi kusan shekara hamsin a kan wannan tsari, karyewar banki ta zama abin da ba kasafai ake ji ba.

Hauhawar farashi ta shekarun 1970 ita ta fara tsinka igiyar. A 1980 farashin kaya yana tashi da fiye da kashi 13 cikin ɗari a shekara, alhali doka ta hana banki ya biya mai ajiya fiye da kashi biyar da ɗoriya. Mutane suka yi ta kwashe kuɗinsu suna kai wa inda ya fi tsoka. Shugaba Jimmy Carter, ɗan Dimokurat, shi ya sa hannu a dokar 1980 wadda ta tanadi janye ƙayyadewar sannu a hankali, ta kuma ɗaga inshorar ajiya daga dala 40,000 zuwa 100,000. Ronald Reagan, ɗan Rifabulikan, ya ɗora a 1982 da dokar da ta ba ƙananan bankunan rancen gida damar shiga harkokin da a da aka haramta musu. Watau an ƙara musu lamunin gwamnati, an kuma sakar musu linzami, duk a lokaci guda. Tsakanin 1986 da 1995 irin waɗannan bankuna fiye da 1,000 suka durƙushe, masu biyan haraji suka ɗauki asarar kimanin dala biliyan 124.

Cikin waɗanda suka durƙushe akwai Lincoln Savings, mallakar wani attajiri mai suna Charles Keating. A 1987 sanatoci biyar suka gana da masu sa ido kan bankuna a madadinsa, dukkansu kuwa sun taɓa karɓar gudunmawar zaɓe daga hannunsa. Da aka ƙwace bankin a 1989, asarar ta haura dala biliyan uku. McCain yana cikin biyar ɗin. Kwamitin ɗa'a na Majalisar Dattawa ya wanke shi daga laifi a 1991, amma ya ce bai yi hangen nesa ba. Ranar 6 ga Oktoba 2008 mutanen Obama suka saki fim na minti goma sha uku kan wannan tsohon labari. Abin da fim ɗin bai tsaya a kansa ba shi ne, sauran sanatocin huɗu duk 'yan Dimokurat ne.

Manyan dokokin da aka fi ambata a 2008 kuwa, a zamanin Bill Clinton aka yi su. A 1998 bankin Citicorp ya haɗe da kamfanin inshora na Travelers, haɗuwar da ta saɓa wa dokar 1933 ƙiri-ƙiri, amma aka ba ta wa'adi da zaton majalisa za ta gyara doka ta dace da ita. Haka kuwa aka yi. A Nuwamba 1999 aka soke sassan da suka raba bankin ajiya da na dillanci. Sunan da ke kan gaba a sabuwar dokar na Sanata Phil Gramm ne, ɗan Rifabulikan daga Texas, amma ƙuri'ar ƙarshe 90 ce da 8 a Majalisar Dattawa, 362 da 57 a ta Wakilai. Joe Biden, wanda ya zama mataimakin Obama a takara, ya jefa ƙuri'ar amincewa. McCain ya goyi bayan daftarin farko a watan Mayu, bai halarci zaman ƙuri'ar ƙarshe ba. Robert Rubin, sakataren baitulmalin Clinton da ya daɗe yana neman wannan gyara, ya bar gwamnati a wannan shekara ya kama aiki a Citigroup, watau kamfanin da haɗuwar ta haifa.

Wadda ta fi wannan illa, ko da yake ba ta kai ta suna ba, ita ce dokar Disamba 2000. Akwai wasu kwangiloli da bankuna ke ƙullawa tsakaninsu ba a bainar kasuwa ba, daga ciki har da wata irin inshora a kan bashi: wani ya riƙa biyan wani kuɗi kaɗan-kaɗan, da sharaɗin in mai cin bashin ya gaza, wancan zai biya. Bambancinta da inshorar da aka sani shi ne, mai sayar da ita ba a tilasta masa ya ajiye kuɗin biya, mai saye kuma ba lalle ne yana bin kowa bashi ba. Wata lauya mai suna Brooksley Born, wadda ke shugabantar hukumar kula da irin wannan ciniki, ta nemi a 1998 a duba ko ya kamata a sa masa doka. Alan Greenspan na Babban Bankin Amurka, da Rubin, da mataimakinsa Lawrence Summers, suka taru suka danne ta, ta bar kujerar a 1999. Dokar 2000 ta fito fili ta hana hukumomi taɓa waɗannan kwangiloli. An cusa ta ne cikin wata ƙatuwar dokar kasafin kuɗi ana gab da tashi hutun ƙarshen shekara, Gramm yana cikin masu turawa, Clinton ya sa hannu. Zuwa ƙarshen 2007 jimillar bashin da aka yi wa irin wannan inshora ta kai kimanin dala tiriliyan 60. Shi kansa Greenspan, wanda ya riƙe Babban Banki daga 1987 zuwa 2006, Reagan ne ya naɗa shi, Bush uba da Clinton da Bush ɗa duk suka sabunta masa.

Yadda ginin ya rushe

A da, bankin da ya ba mutum rancen sayen gida shi ke bin sa har ya gama biya, saboda haka yakan duba ko zai iya. A shekarun 2000 abin ya sauya. Mai ba da rancen yana sayar da bashin nan take ga manyan bankunan Wall Street, titin nan na Niyok inda hada-hadar kuɗin ƙasar ta tattaru. Su kuma su tara dubban basussuka su ɗaure su dami guda, su yanka damin kashi-kashi, su sayar da takardunsa ga masu zuba jari a ko'ina cikin duniya. Kamfanonin da ke auna ingancin takardun, masu sayarwar ne ke biyansu ladan awo, don haka galibin takardun suka fito da shaidar daraja ta ɗaya. Tun da wanda ya ba da bashin ba shi zai bi shi ba, aka shiga ba mutane rance ba a tambayi abin da suke samu ba, da kuɗin ruwa mai sauƙi a shekaru biyun farko wanda zai yi tsalle daga baya. Babban Banki ya sauke kuɗin ruwansa zuwa kashi ɗaya cikin ɗari daga tsakiyar 2003 zuwa tsakiyar 2004, farashin gidaje a manyan birane ya ninka tsakanin 2000 da 2006.

Su kansu bankunan da aro suke ciniki. A kan kowace dala ɗaya ta jarinsa Lehman yana juya kusan dala 30, babban kaso daga ciki rancen kwana ɗaya ne da ake sabuntawa kowace safiya. In darajar abin da ya riƙe ta faɗi da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, jarin ya ƙare ke nan. Farashin gidaje ya fara sauka a 2006. A watan Maris 2008 Bear Stearns ya kai gargara, Babban Banki ya ɗauki nauyin dala biliyan 29 na takardunsa don JPMorgan ya yarda ya saye shi. Ranar 7 ga Satumba gwamnati ta karɓe Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanonin nan biyu da majalisa ta kafa don sayen basussukan gida, waɗanda ribarsu ta masu hannun jari ce amma kowa ya ɗauka gwamnati na bayansu. Aka bar Lehman ya faɗi ranar 15. Kashegari aka ba AIG, babban kamfanin inshora da ya sayar da waccan inshorar bashi ba tare da tanadin biya ba, rancen dala biliyan 85. Rance ya tsaya cik tsakanin bankuna, domin babu wanda ya san abin da ke cikin tukunyar ɗan'uwansa.

Labari biyu a filin zaɓe

A farkon Satumba, bayan babban taron jam'iyyarsa da zaɓen Sarah Palin a matsayin mataimakiya, McCain ya ɗan shiga gaban Obama a wasu ƙididdigar jin ra'ayin jama'a. Makon Lehman ya juya wannan. Rauninsa a bayyane yake. Shi da bakinsa ya sha cewa shi mai son rage dokoki ne, kuma Phil Gramm yana cikin manyan mashawartansa har watan Yuli, lokacin da ya sauka bayan ya ce matsalar tattalin arzikin a cikin ƙwaƙwalwar mutane take, Amurkawa sun zama al'ummar masu ƙorafi. Cikin kwana huɗu McCain ya ce tushen arziki na da ƙarfi, ya ƙi yarda da ceton AIG, ya dawo ya ce babu makawa, sa'an nan ya ce da shi ne shugaba da ya kori shugaban hukumar kula da kasuwar hannayen jari, wanda ɗan jam'iyyarsa ne.

Obama kuwa, ya kamata a gwada maganarsa ta watan Maris da ta watan Satumba. Ranar 27 ga Maris, sa'ad da yake fafatawa da Hillary Clinton kan tikitin jam'iyya, ya yi jawabi a Niyok inda ya ɗora sakacin a kan gwamnatocin Rifabulikan da na Dimokurat baki ɗaya, har ya taɓo dokar 1999. A lokacin, tuna wa jama'a abin da aka yi a zamanin Clinton yana da amfani gare shi. Da Satumba ta zo, tarihin ya gajarce ya koma shekara takwas, rikicin ya zama hukuncin ƙarshe a kan manufofin George Bush da McCain ya goya wa baya. Akwai gaskiya cikin zargin, domin masu sa idon da ke kan kujeru a waɗannan shekaru sun yi barci. Tun 1994 doka ta ba Babban Banki ikon hana rancen gida na yaudara, bai kuwa yi amfani da shi sosai ba sai a Yuli 2008, bayan aikin gama ya gama. Amma dokar 1999 da magoya bayansa suka fi nunawa da yatsa ba ita ta kayar da Bear Stearns ko Lehman ba, domin su bankunan dillanci ne zalla, da ko ƙarƙashin tsarin 1933 suna iya yin abin da suka yi. Hujjar ta fi ƙarfi a kan Citigroup, wanda sai da gwamnati ta zuba masa dala biliyan 45.

Labarin 'yan Rifabulikan ya ta'allaƙa ne a kan Fannie da Freddie, da kuma wata doka ta 1977 mai matsa wa bankuna su ba da rance a unguwannin marasa ƙarfi. Suka ce McCain ya goyi bayan wani ƙudurin ɗaure kamfanonin biyu a 2006, 'yan Dimokurat suka ƙi. Haka ne, sai dai Rifabulikan ke da rinjaye a majalisun biyu a lokacin, kuma ba su kai ƙudurin zauren Majalisar Dattawa ba. Kamfanonin sun yi ɓarna, ceton su ya ci kimanin dala biliyan 190. Amma a shekarun da rancen banza ya fi yawa, 2004 zuwa 2006, kasuwa suɓuce musu take yi tana komawa hannun bankunan Wall Street, su biyo baya suka yi. Game da dokar 1977, binciken Babban Banki ya nuna kashi shida kacal cikin ɗari na rance mai tsadar ruwa ne ya fito daga bankunan da dokar ta shafa zuwa ga mutanen da take nufi. Ban da haka, Sifen da Ailan sun yi irin wannan haukan farashin gidaje ba su da Fannie ba su da Freddie. Mutanen McCain suka yi tallan cewa Obama na cikin 'yan majalisar da suka fi samun gudunmawa daga ma'aikatan kamfanonin biyu, gaskiya ne. Jaridu suka tono cewa manajan yaƙin zaɓen McCain, Rick Davis, ya yi shekaru yana shugabantar wata ƙungiya da kamfanonin ke ɗaukar nauyinta, wannan ma gaskiya ne. Kura ce ke ce wa kare maye.

Ƙuri'ar 29 ga Satumba

Duk abin da aka yi wa Bear Stearns da AIG, Babban Banki ne ya yi da ikonsa, ba a tambayi majalisa ba. Siyasa ta shigo ne sa'ad da sakataren baitulmali Henry Paulson, tsohon shugaban bankin Goldman Sachs, ya ga abin ya fi ƙarfin wannan hanya. Ranar 20 ga Satumba ya aika wa majalisa daftari mai shafi uku yana neman dala biliyan 700 don sayen ruɓaɓɓun takardun bankuna, har da sashen da ya ce babu kotu ko hukumar da za ta binciki shawarar da ya yanke. Jama'a suka fusata, wayoyin ofisoshin 'yan majalisa suka yi ta kaɗawa.

Ranar 24 McCain ya ba da sanarwar dakatar da yaƙin zaɓensa, ya ce zai koma Washinton ya taimaka a daidaita, ya nemi a ɗage muhawarar farko. Kasada ce ta mutumin da ya ga ana tsere masa. Kashegari Bush ya tara shugabannin majalisa da 'yan takarar biyu a fadarsa. 'Yan Dimokurat suka bar wa Obama magana a madadinsu. McCain ya daɗe bai ce uffan ba, da ya yi magana kuma bai bayyana inda ya tsaya ba, domin wakilan jam'iyyarsa sun riga sun juya wa shirin baya, shi kuwa ba ya iya bin su ba ya iya barin su. Taron ya watse da hayaniya. An ruwaito cewa Paulson ya durƙusa a gaban kakakin majalisa Nancy Pelosi yana roƙon kada ta janye, ita kuma ta ce masa ba ita ke ɓata lamarin ba, mutanensa ne. A daren nan hukuma ta ƙwace Washington Mutual, bankin ajiya mafi girma da ya taɓa faɗuwa a ƙasar. Ranar 26 McCain ya halarci muhawarar da ya ce a ɗage, ba a daidaita kome ba.

Ranar Litinin 29 Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa, 228 da 205. A nan ne ya kamata a dubi alƙaluman da kyau. Shiri ne na shugaban ƙasa ɗan Rifabulikan, amma 'yan jam'iyyarsa 65 ne suka yarda, 133 suka ƙi. 'Yan Dimokurat 140 suka yarda, 95 suka ƙi. Shugaban ƙasa, da shugabannin jam'iyyun biyu a majalisa, da 'yan takarar biyu, duk gefe guda suke. A ɗaya gefen akwai masu ra'ayin riƙau da ke ganin an kawo gurguzu ta bayan gida, da masu ra'ayin talakawa da ke ganin an kwashi kuɗin malamin makaranta an ba wanda ya ƙona gari, waɗanda a kullum ba sa ga maciji da juna. Galibin wakilan da ke fuskantar takara mai zafi sun ƙi, galibin masu shirin ritaya sun yarda. Kasuwar hannayen jari ta faɗi da kusan kashi bakwai cikin ɗari a yinin nan. Shugabannin Rifabulikan suka ce jawabin bangaranci da Pelosi ta yi gab da ƙuri'a ne ya kori mutanensu, uzurin da bai shiga kunnen kowa ba.

Abin da aka fara gyarawa bayan wannan shi ne suna. Kalmar da jaridu suka laƙaba wa shirin tana yi wa jama'a kama da belin mai laifi. McCain da fadar shugaban ƙasa suka roƙi a daina kiransa haka, a ce ceto. Sa'an nan aka ɗaga inshorar ajiya zuwa dala 250,000, aka jibga sassaucin haraji iri-iri don jawo masu ƙi, har da na masu ƙera kibiyoyin katako na wasan yara. Shafi uku ya koma kusan 450. Ranar 1 ga Oktoba Majalisar Dattawa ta amince, 74 da 25. Obama da McCain da Biden duk sun bar filin zaɓe sun zo sun jefa ƙuri'a iri ɗaya. Wakilai suka bi ranar 3, 263 da 171, har yanzu mafi yawan 'yan Rifabulikan suna ƙi.

Kuɗin ma ba a kashe su yadda aka ce ba. Ranar 13 ga Oktoba Paulson ya tara shugabannin manyan bankuna tara ya sa su karɓi jarin gwamnati, dala biliyan 125 a tsakaninsu, watau gwamnatin Rifabulikan ta zama mai hannun jari a bankuna. Cikin makon nan ne kuma McCain da Palin suka shiga zargin Obama da aƙidar gurguzu saboda wata magana da ya yi da wani mai gyaran famfo a Ohio kan rarraba arziki. Ranar 23 Greenspan ya bayyana gaban wani kwamitin majalisa, ya amsa cewa ya sami aibi a fahimtarsa, domin ya ɗauka son kai na bankuna zai isa ya sa su kare masu jarinsu. Saura kwana goma sha biyu a yi zaɓe.

Ranar 4 ga Nuwamba Obama ya sami kusan kashi 53 cikin ɗari na ƙuri'u, da wakilan zaɓe 365, McCain 173. Ya ci Virginia da Indiana, jihohin da ɗan Dimokurat bai ci ba tun 1964. Fiye da shida cikin kowane goma na masu zaɓe sun ce tattalin arziki ne babban abin da ya dame su. Ba za a ce rikicin kaɗai ya ba shi nasara ba, domin yaƙin Iraƙi da baƙin jinin Bush sun riga sun yi wa McCain nauyi. Mutumin da ya ci zaɓe da sukar sassauta dokoki ya ɗauko Timothy Geithner, shugaban reshen Babban Banki na Niyok wanda ke tsakiyar duk ceton da aka yi, ya ba shi baitulmali, ya kuma naɗa Summers babban mashawarcinsa kan tattalin arziki.

Guguwar ba ta tsaya a Amurka ba. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yuli 2008 ta faɗo ƙasa da 40 a Disamba, kasuwar hannayen jari ta Legas ta zube, ta bar bankunan Nijeriya da basussukan da aka ci don sayen hannayen jari da shigo da mai. A Agusta 2009 gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin bankuna biyar, kuma zuwa Oktoba an zuba naira biliyan 620 a bankunan da suka raunana. A nan ma babban banki ne ya yi da ikonsa, ba a kuma cikin kakar zaɓe ba.

A Amurka rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoba 2009, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Bankuna sun maido da jarin gwamnati har da riba, amma fushin 29 ga Satumba bai huce ba. Daga gefen riƙau ya fito da ƙungiyar Tea Party a 2009, wadda ta hana Sanata Bob Bennett na Utah tikitin jam'iyyarsa a 2010, ƙuri'arsa ta ceto tana cikin laifuffukan da aka lissafa masa. Daga ɗaya gefen ya fito da zaman dirshan na Wall Street a 2011.

Majalisa ta kafa kwamitin bincike mai mutum goma, shida na Dimokurat huɗu na Rifabulikan, amma ba ta jira shi ba, ta yi sabuwar dokar banki ta Dodd da Frank a Yuli 2010, da goyon bayan sanatocin Rifabulikan uku kacal. Da kwamitin ya gama a Janairu 2011, rahoto uku ya fitar. Shidan suka ce sakacin hukumomi da kasadar bankuna ne, kuma ana iya kauce wa abin. Uku daga cikin huɗun suka ce dalilan suna da yawa kuma na duniya ne. Na huɗun shi kaɗai ya ce manufar gwamnati kan gidaje ce. Kafin nan jaridu sun ruwaito, kuma Brooksley Born wadda ke cikin kwamitin ta tabbatar, cewa huɗun sun nemi a cire wasu kalmomi daga rahoton baki ɗaya, cikinsu har da sunan Wall Street da kalmar da ke nufin sassauta dokoki. Watau labaran nan biyu da aka ƙera cikin makonni bakwai don cin zaɓe, su ne suka shiga takardun hukuma a matsayin tarihi, kowace jam'iyya da nata.

A 2018 aka sassauta dokar 2010. Bankin da za a sa wa ido na musamman, a da mai dukiyar dala biliyan 50 ne, aka ɗaga zuwa biliyan 250. Donald Trump ya sa hannu, bayan Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 67 da 31, cikin masu amincewar akwai 'yan Dimokurat 16. Bankin Silicon Valley da ya faɗi a Maris 2023 dukiyarsa ta ɗan haura biliyan 200.